Yadda za ka samu ƙananan gem na wasa ƙwaƙwalwa, ka biya, ka buga ba tare da an cuce ka ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya guda ce ake ta maimaita min kwana biyun nan, wasu a majalisa, wasu ɗaliban jami'ar Danfodiyo, har da wata 'yar uwa da ke neman abin da za ta sa wa yaranta a waya: wai waɗanne gem ne na wasa ƙwaƙwalwa masu kyau, ina ake samunsu, nawa ake biya, kuma ya ake biyan tunda katin wasu ba ya shiga. Abin da nake nufi ba irin gem ɗin nan ba ne da za ka buga minti ɗaya a watso maka talla uku. Akwai ƙananan gem da mutum ɗaya ko wasu 'yan tsiraru kan zauna su ƙera da tunani, ka biya sau ɗaya ko ma kyauta, ba talla, ba data, kuma wallahi sun fi waɗancan nesa ba kusa ba. Ga yadda ake yi, ku bi shi a jere.

1. Fara duba wayar

Shiga Settings ka duba abu biyu: filin da ya rage a memori, da kuma wace Android ce a wayar. Mafi yawanmu Tecno, Infinix ko itel muke riƙewa, kuma yawancin gem ɗin da zan lissafa suna tafiya a kansu lafiya lau domin ba su da nauyi. Idan wayarka ƙarama ce mai Android Go, tsaya kan na mataki na 2, sun ishe ka. Ka bar aƙalla 1GB a sake kafin ka fara sauke na kuɗi.

Hattara: abin da ke cinye fili galibi bidiyoyin guruf na WhatsApp ne, ba manhajoji ba. Share su tukuna. Kada ka sauke manhajojin nan masu cewa za su wanke maka waya su ƙara mata gudu, talla kawai za su ƙara maka.

2. Fara da na kyauta, kada ka kashe ko sisi

Na farko da nake ba kowa shi ne Simon Tatham's Puzzles. Wani mai rubuta manhaja ɗan Ingila ne, Simon Tatham, ya haɗa wasanni kusan 40 wuri guda, wani mai suna Chris Boyle ya kawo su Android. Kyauta ne, ba talla ko guda, 'yan MB kaɗan ne, kuma ba ya neman data bayan ka sauke. Fuskarsa ba ta da ado ko kaɗan, shi ya sa wasu ke buɗewa su rufe, to kada ka yi wannan kuskuren. Duk lokacin da ka danna sabon wasa, sabo zai ƙirƙiro maka, ba ya ƙarewa.

Kada ka ce za ka taɓa duka 40 ɗin rana guda. Bi wanga tsari:

Untangle: ɗigo-ɗigo ne da layuka sun sarƙe, ka ja su har ya zama babu layin da ya haye wani. Ko yaro ɗan firamare zai gane.

Net: bututu ne a gidaje-gidaje, kana juya kowane gida har duka su haɗu su zama abu guda. Fara daga kusurwa da gefe, nan ne zaɓi ya fi ƙaranci.

Bridges: tsibirai ne masu lamba, lambar ita ce yawan gadojin da za su taɓa tsibirin, tsakanin tsibiri biyu gada ba ta wuce biyu, gadoji ba sa haye juna, kuma a ƙarshe duka tsibiran su haɗu. Idan ka ga 8 a tsakiya, ko 4 a kusurwa, ka san kowane ɓangare gada biyu-biyu ne, fara da su.

Light Up: kana dasa ƙwan fitila har ko'ina ya haskaka, amma kada ƙwai biyu su haska juna, lambar da ke kan baƙin gida kuma ita ce yawan ƙwan da ke manne da shi.

Kowane wasa a ciki yana da wurin da za ka zaɓi girma da wahala, fara da mafi ƙanƙanta, sai hannunka ya faɗa ka ƙara.

Na biyu Mekorama, na wani ɗan Suwidin mai suna Martin Magni, ya fito a 2016 da lebul 50. Wani ɗan mutum-mutumi ne mai tafiya yana tangaɗi, kai kuma kana juya ginin da yatsa, kana jan bulo sama da ƙasa, ka buɗe masa hanya har ya kai gida. Ana sauke shi kyauta, kuma za ka iya gina naka lebul ɗin ka tura wa abokinka a matsayin kati mai lambar QR. Ga yara ban ga kamarsa ba.

Idan ka yi sati kana buga waɗannan biyun kuma ka ji ranka na so, to sai a zo maganar kuɗi.

3. Rarrabe na gaske da jabu

Nan ne aka fi cutar mutane. Duk gem ɗin da ya yi suna, za ka tarar da goma sun kwaikwayi sunansa da hotonsa a Play Store. Misali sananne shi ne Threes, wanda Asher Vollmer da Greg Wohlwend sunka yi wata 14 suna aiki a kai, ya fito a Fabrairun 2014 ana sayar da shi. Wata guda bayan nan wani gem mai kama da shi mai suna 2048 ya fito kyauta, wanda wani matashi ɗan Italiya, Gabriele Cirulli, ya haɗa cikin ƙarshen mako guda, daga nan kuma kwafin kwafi ya cika ko'ina, yau kowa ya san 2048 amma kaɗan ne sunka san Threes, alhali Threes ya fi shi zurfi sosai.

Saboda haka kada ka tsaya ga sunan gem, duba sunan wanda ya yi shi, yana nan ƙasan sunan da ƙananan haruffa. Sannan duba ko an rubuta Contains ads, wato akwai talla, ko In-app purchases, wato akwai abin saye a ciki. Na biyun ba kullum ne matsala ba, wani lokaci ƙarin lebul ne ake sayarwa sau ɗaya. Amma idan gem na sayar da rai, ko tsabar zinari, ko yana cewa jira awa ɗaya ko ka biya, bar shi, an gina shi ne don ya takura ka ba don ka yi tunani ba.

Hattara: wasu gem za ka ga sunan Netflix a jikinsu, za su sauka kyauta amma ba za su buɗe ba sai mai rajistar Netflix. Karanta kafin ka ƙona data.

Hattara ta biyu, kuma ita ta fi muhimmanci: fayilolin APK, wato fayil ɗin girka gem a waya ba ta Play Store ba, da ake cewa an fasa don a buga ba biya, waɗanda ake rabawa a Telegram ko wasu shafuka. Wayar da kake sa su ita ce dai wayar da manhajar bankinka take ciki, ita ce saƙon lambar OTP ke shigowa. Gem na wasa ƙwaƙwalwa ba shi da abin yi da saƙonninka ko lambobin mutanenka, idan ya nemi izinin waɗannan, cire shi nan take. Bayan haka kuma haƙƙi ne, mutum ɗaya ya yi shekaru yana aiki, kuɗin da yake nema bai kai na wasu abubuwan da muke kashewa a sati ba.

4. Biyan kuɗi

Buɗe Play Store, danna hotonka a sama, shiga Payments & subscriptions, sannan Payment methods, sai ka sa lambar katin ATM, ranar ƙarewa da lambobi uku na baya. Farashin zai fito maka da naira idan akawun ɗinka na Najeriya ne. Tun 2023 Google ya fara karɓar katin Verve a Play Store, to wanda Mastercard ko Visa ɗinsa ya ƙi shiga, ya gwada Verve. Idan duka sun ƙi, galibi ba a buɗe wa katin sayayyar intanet ba ne, duba cikin manhajar bankin ko ka je banki a buɗe maka. Suna da adireshin da za ka rubuta su yi daidai da na banki.

Maganar farashi: ƙananan gem na waya yawanci tsakanin dala 1 zuwa dala 7 suke. Monument Valley ya fito a kan dala 3.99 a 2014. Da naira abin na motsi, to ka duba da idonka ranar da za ka saya, kuma ka bar ɗan rara a akawun. Wata dabara: saka gem ɗin a Wishlist ka riƙa leƙawa, ana yawan karya farashi musamman ƙarshen shekara.

Hattara: kada ka sayi katin kyauta na Google Play a hannun masu talla a Facebook. Katin na ƙasa-ƙasa ne, na Amurka ba ya aiki a akawun ɗin Najeriya, kuɗinka ya tafi kenan. Kuma kada ka bari wani ya canza maka ƙasar akawun don a samu ya shiga, dawo da shi ba abu ne mai sauƙi ba.

Hattara: da ka sa kati, shiga saitin Play Store ka kunna neman kalmar sirri ko yatsa a kowace sayayya. Wanda yara ke ɗaukar wayarsa ya san dalili.

Idan ka saya ka ga gem ɗin ya ƙi tafiya a wayarka, koma shafinsa a Play Store cikin awa 2, za ka ga maɓallin Refund, danna a mayar maka da kuɗinka. Sau ɗaya ake yi wa kowane gem, idan ka sake saye babu mayarwa. Don haka kada ka saya sai lokacin da kake da data da cajin da za ka sauke ka gwada nan take.

5. Saukewa ba tare da data ta ƙone ba

Girman gem na rubuce a shafinsa, duba kafin ka danna. Masu zane mai kyau irin Monument Valley da The Room ɗaruruwan MB ne. Danna *323# ka ga abin da ya rage maka, *312# kuma ka sayi data, lambobin iri ɗaya ne a duk layuka tun da NCC ta haɗe su. Datar dare ta fi arha, kuma sabis ya fi sakewa idan mutane sun kwanta, to manyan ka bar su sai dare, ko ka yi amfani da wayifai na makaranta ko ofis idan kana da hali.

Kafin ka kunna data, shiga Settings na Play Store, Network preferences, Auto-update apps, ka kashe shi ko ka mayar sai da wayifai. In ba haka ba, kana jiran gem guda wayar na can tana sabunta manhaja goma sha.

Bayan ya sauka, buɗe shi sau ɗaya da data a kunne, wasu na duba lasisi ko su ƙarasa sauke wani abu a buɗewar farko. Sannan kashe data gaba ɗaya ka sake buɗewa. Idan ya tafi, shi kenan ka samu abokin tafiya, ko a motar Illela ko ta Gusau inda sabis ke ɗaukewa.

Hattara: gem na kuɗi da anka turo maka ta Xender sau da yawa ba ya buɗewa, ko ya buɗe ya tsaya a baƙin allo, domin sayen na manne da akawun ɗin wanda ya biya.

6. Wanne za ka fara saye

Ga tsarin da nake ba mutane, daga mai sauƙi zuwa mai zafi.

Monument Valley, na kamfanin ustwo a Landan. Kana jagorantar wata gimbiya mai suna Ida cikin gine-ginen da ke yaudarar ido, matakala biyu da ke nesa da juna, ka juya ginin su haɗu a idonka, to sun haɗu kenan, ta taka ta wuce. Babi 10 ne, ana iya gamawa a zama ɗaya ko biyu, wanda ke auna gem da tsawonsa ya sani tun yanzu. Na biyunsa ya fito a 2017, uwa ce da ɗiyarta.

The Room, na Fireproof Games, 2012. Akwati ne a gabanka mai makullai da aljihunan ɓoye, kana shafawa, kana murɗawa, kana leƙawa da wani gilashi mai nuna abin da ido ba ya gani. Yana da duhu da ɗan yanayin ban tsoro da alamomi, ban cika ba ƙananan yara shi ba, kuma akwai wasiƙu da Turanci a ciki.

Gorogoa, na Jason Roberts, 2017, da hannu ya zana komai kuma ya yi shekaru a kai. Allo ne mai gida huɗu, kana jan hoto ka ɗora kan wani, ko ka jera biyu su zama hoto guda, ƙofar da ke wannan hoton ta zama hanyar shiga wancan. Ba a magana a ciki, ba ka buƙatar Turanci. A wurina wanga shi ne mafi kyau a ido cikin duka.

Mini Metro, na Dinosaur Polo Club a New Zealand. Kana zana layukan jirgin ƙasa na birni, tashoshi masu siffar da'ira, murabba'i da mai kusurwa uku, kowane fasinja yana neman tasha mai siffarsa. Duk sati na cikin wasan ana ba ka sabon kan jirgi da zaɓin ƙari guda, tasha ta cika ta daɗe a cike, wasa ya ƙare. Akwai taswirar Alƙahira da ta Legas a ciki. Kuskuren sabon shiga shi ne jera da'ira huɗu ko biyar a layi guda, jirgin zai cika bai sauke kowa ba. Cakuɗa siffofin, kuma ka sani za ka iya tsayar da lokaci ka goge layi ka sake zanawa ba a cire maka komai.

Snakebird Primer, na Noumenon Games, 2019. Lura da kalmar Primer, shi ne mai sauƙin. Asalin Snakebird na 2015 zanensa kamar na yara amma yana kayar da manya, kada ka fara da shi.

Sai Baba Is You, na Arvi Teikari ɗan Finland, ya fito a 2019, ya zo waya a 2021, lebul sama da 200. Dokokin wasan da kansu suna kwance a fili a matsayin bulo-bulo na kalmomi da za ka iya turawa. An jera WALL IS STOP, to bango na tare ka, ka ture kalma guda daga jerin, sai ka ratsa bangon ka wuce. An jera FLAG IS WIN, tuta ce nasara, idan tutar ta yi nisa ka mayar da shi ROCK IS WIN ka taɓa dutsen da ke kusa da kai. Turancin da ake buƙata 'yan kalmomi ne, kuma wasan da kansa zai koya maka su. Hattara: kada ka wargaza jerin da ke ƙarewa da IS YOU ba tare da ka tanadi wani ba, nan take za ka rasa abin da kake motsawa. Wanga shi nake so kowa ya kai gare shi, amma a ƙarshe, bayan sauran.

7. Idan ka maƙale

Za ka maƙale, haka anka gina su. Abin da ba na so shi ne ka ruga YouTube. Amsar lebul guda za ka gani, amma dabarar da lebul ɗin ke son koya maka ba ta shige ka ba, na gaba kuma a kanta anka gina shi, sai ka sake komawa YouTube, a ƙarshe ka biya kuɗi don ka kwafi hannun wani. Dattawan da ke dara a gindin bedi ba su son ɗan kallo ya faɗa musu inda za su sa, ko da shi ke da gaskiya, to haka abin yake.

Ga abin yi a jere. Da farko yi amfani da maɓallin komawa baya, a Baba Is You da Snakebird da wasannin Simon Tatham ba shi da iyaka kuma ba a hukunta ka, gwada abin da kake ganin shirme ne ka ga mi zai faru. Na biyu, fara tunani daga ƙarshe: kafin in taɓa tuta, ina ya kamata in kasance, kafin nan kuma fa. Na uku, duba abin da ke cikin lebul ɗin da ba ka taɓa ba, a irin waɗannan gem da wuya a ajiye abu don ado. Na huɗu, faɗa wa wani matsalar da bakinka, ko ƙanenka ne da bai san gem ɗin ba, sau da yawa kana cikin bayani za ka ji inda ka ɗora wa kanka dokar da babu ita. Idan duk bai yi ba, ajiye wayar, tsallaka wani lebul in gem ɗin ya yarda, ka dawo gobe bayan asuba da sabon kai.

Idan dole sai an taimaka maka, nemi alama ba cikakkiyar amsa ba. The Room na da nasa alamun a ciki, yana ba ka kaɗan-kaɗan.

8. Masu laftof

Wuri biyu ne ake samun gem na kwamfuta a intanet: Steam da itch.io. A itch.io akwai ƙananan gem da yawa kyauta, wasu a burawza ake bugawa ba sai an sauke ba, wasu kuma ka biya abin da ya sawwaƙa. A Steam, Baba Is You dala 14.99 ne, ya fi na waya tsada, amma ana babban rangwame wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, jira lokacin. Steam na mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Nemi Patrick's Parabox na Patrick Traynor, 2022, turin akwati ne irin na tsohon gem ɗin nan Sokoban amma akwatin na iya shiga cikin akwati, har ya shiga cikin kansa. Da A Monster's Expedition na 2020, inda kake ture itatuwa kana yin gada tsakanin tsibirai. The Witness na Jonathan Blow yana da kyau ƙwarai amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar laftof ta makaranta za ta sha wuya.

9. Zafi da caji

Daga Maris zuwa Mayu a Sakkwato zafi na haura digiri 40, waya na ɗaukar zafi ko ba a taɓa ta ba. Kada ka buga tana kan caji ko fawa bank, cire mata riga, rage hasken allo, kashe kiɗan gem ɗin a saitinsa idan ba ka so. Simon Tatham kusan ba ya cin batir, The Room na ci, to ranar da ba wuta ka san wanda za ka buɗe. Ga yara kuma a yanke musu lokaci tun farko, bayan an dawo Islamiyya an yi aikin gida.

10. Ranar canza waya

Duk abin da ka saya yana manne da Gmail ɗinka ne, ba da wayar ba. Ka shiga da shi a sabuwar waya, ka je shafin gem ɗin, za ka ga Install maimakon farashi, ba za ka sake biya ba. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu a shagon waya anka buɗe musu Gmail ranar da sunka sayi wayar, ba su san adireshin ba balle kalmar sirri. Kafin ka sa kati, tabbatar ka san duka biyun, canza kalmar sirrin da kanka, ka sa lambar wayarka a matsayin ta dawo da akawun. Inda ka tsaya a gem kuma ba kowane ne ke biyo ka ba, wanda ke da Google Play Games a saitinsa ka kunna shi tun ranar farko, wanda ba shi da shi kuma sai dai ka faro daga lebul na 1.